Gidan kanka a Masaka ko haya a cikin Abuja: ina arahar take?

Da zarar mai gida ya aiko da takardar ƙarin kuɗin haya, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin ma'aikacin Abuja: "Na gaji da tara wa wani. Gara in haɗa ɗan abin da nake da shi in sayi fili a Masaka ko Suleja, ko ɗaki biyu ne in kafa in shiga." Dillalai sun san da wannan gajiya, shi ya sa tallan fuloti mai "minti ashirin zuwa cikin gari" ya cika Facebook da WhatsApp. Sai dai a shekarun nan da hankali ya karkata zuwa bayan gari, a cikinsu ne litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 har ta haura naira 1,000 a Oktoban 2024. A cikinsu ne kuma hukumar babban birnin tarayya ta soke takardun filaye 4,794 a watan Maris na 2025, motocin rusau kuwa ba su huta ba. To wanda ya tattara ya koma gefen gari, sauƙi ya samu ko wahalar ce ta sake riga? Kuma takardar nan da dillali yake kaɗawa, wace hukuma ce ta san da zamanta?

## Gefen Abuja ba ƙasa ɗaya ba ce

Garuruwan da ake magana a kansu na kwana ne: mutum ya yi sammako ya shiga birni neman abinci, ya dawo bayan isha'i ya kwanta. A ido duk kamarsu ɗaya, amma a doka kashi uku ne, kuma a nan yawancin masu saye suke fara yin tuntuɓe.

Kubwa, Dutsen Alhaji, Bwari, Dei-Dei, Zuba, Lugbe, Kuje, Gwagwalada, Nyanya da Karu suna cikin yankin babban birnin tarayya. Amma da ka wuce Nyanya a kan hanyar Keffi ka shiga Mararaba, ka bar Abuja ke nan. Daga nan har Ado, New Nyanya, Masaka da Auta Balefi, ƙaramar hukumar Karu ce ta jihar Nasarawa. A ɓangaren hanyar Kaduna, Madalla, Suleja, Gauraka da Sabon Wuse na jihar Neja ne. Karu biyu ce, Nyanya ma biyu, don haka idan talla ta ce "Karu, Abuja" sai a tambaya wacce. Suleja kuwa ita ce Abuja ta asali, da aka ɗauki sunan aka ba sabon birni ne garin ya koma amsa sunan sarkinsa Sulaimanu Barau. Wannan tarihi bai mai da filin Suleja na Abuja ba a wurin hukuma.

Amfanin sanin iyakar shi ne ita ke faɗin wanda sa hannunsa yake aiki a kan fili: ministan Abuja, ko gwamnan Nasarawa, ko na Neja.

## Abin da ya tura mutane waje

An kafa yankin babban birnin da dokar soja mai lamba 6 ta 1976 a zamanin Murtala Muhammad, aka zana tsarin birnin a 1979, gwamnati ta taso daga Legas ta tare a ranar 12 ga Disamban 1991. Ma'aikata sun riga gidaje zuwa. Nyanya ta fara ne a matsayin sansanin leburorin da suka gina birnin, Kubwa kuma wurin da aka tsugunar da wasu ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kafin a cika ta da rukunin gidajen ma'aikata.

Tsakanin 2003 da 2007 abubuwa uku suka haɗu. Gwamnatin Obasanjo ta daina ba ma'aikata gidan zama, ta koma zuba musu kuɗinsa a cikin albashi, aka sayar da gidajen gwamnati. Minista Nasir El-Rufa'i ya rushe unguwannin da ba su cikin tsari irin su Idu da Karmo. A 2006 kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birni. Duk wanda aka tasa, Mararaba ko Suleja ya nufa. Rikicin arewa maso gabas da na ƴan bindiga ya ƙaro wasu daga baya. Aikin dai bai bi su ba: sakatariya, bankuna da manyan kasuwanni suna nan inda suke, manyan hanyoyin shiga kuma uku ne, ta Keffi, ta Kubwa da ta filin jirgin sama.

## Lissafin hanya

Wanda yake son ganin ainihin farashin gidan Mararaba, ya tsaya ƙarƙashin gadar garin da ƙarfe biyar da rabi na asubar Litinin. Mutane cirko-cirko a bakin titi da jaka a kafaɗa, wasu ko carbi ba su mayar aljihu ba. Ƙaramar mota ta rage gudu, direba ya leƙo ya ce "Sakatariya", mutum goma su yi kanta, huɗu su cusu a baya, biyu a gaba. Direban ma galibi ma'aikaci ne da yake neman na mai. Wanda ya fita kafin shida kan haura tudun Kugbo ya isa mahaɗar AYA da ke Asokoro cikin rabin sa'a. Wanda ya kai bakwai yana neman takalmin yaro, wannan ƴar tafiyar tana iya cin masa awa biyu, balle a ce an yi ruwa ko tirela ta lalace a Nyanya. "Minti ashirin" ɗin dillali gaskiya ne, amma ranar Lahadi da hantsi.

Lissafin ba shi da wuya, ƙin yin sa ake yi. A ce daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis da dawowa, har da acaɓan da zai fito da kai titi, naira 3,000 ne a rana. A kwanakin aiki 22 ya zama 66,000 a wata, 792,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Idan miji da mata duk suna shiga gari, a ninka. Mai mota kuma, a ce gidansa kilomita 30 ne daga wurin aiki, motarsa tana shan lita ɗaya a kilomita 10: lita 6 ke nan a rana idan hanya a buɗe take, wajen lita 132 a wata, cunkoso kuma yana ƙara mata ƙishirwa. Ba a sa kuɗin taya da na ƙafar mota da ramukan cikin unguwa ke ci ba.

Sai lokaci. Awa uku a rana a kan titi, kwana 22 a wata, wata 11 a shekara, ya kama awa 726, wato wata guda cur dare da rana. Yara su yi barci kafin uba ya dawo, ya fita ba su tashi ba.

Abin da za a kwatanta da wannan jimla shi ne bambancin kuɗin haya tsakanin wajen gari da unguwar da ta fi kusa da aiki. Ga mai iyali da ke buƙatar ɗaki uku, sau da yawa wajen gari ne ke cin nasara. Ga gwauro mai ɗaki ɗaya, ba lallai ba ne.

Hanyoyin ma ba ɗaya suke ba. Ta Kubwa da ta Lugbe faffaɗa ne, kuma jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka dawo da shi a Mayun 2024, yana da tasha a Gbazango ta Kubwa, da Kagini, Dei-Dei da Gwagwa. Ɓangaren Nyanya da Mararaba, duk da ɗimbin jama'arsa, ba shi da layin dogo. Kada kuma a sayi fili a kan alkawarin hanyar da "za a yi". Tun 2011 aka ba da kwangilar hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka ce za ta rage wa Nyanya nauyi, ta shafe fiye da shekara goma ba a gama ba, alhali an daɗe da sayar da filayen gefenta da farashin kamar an zuba kwalta.

## Ruwa, wuta da gadi: duk a wuyanka

Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma ta kusa da Ushafa yake zuwa, kuma yana isa wasu sassan Kubwa da wasu tsofaffin unguwanni. Sabbin unguwanni da kusan duk ɓangaren Nasarawa, ƴan garuwa ne da rijiyar burtsatse. Gidan mutum shida da ke wanki da wanka yana iya shanye kura guda ta jarkoki a yini. Ƙasar yankin dutse ce a ƙarƙashi, maƙwabcinka ya samu ruwa ba ya nufin kai ma za ka samu, shi ya sa ake biyan masu awon ruwa su duba kafin injin haƙa ya shigo.

Akwai matsalar da ba a cika faɗa ba. Ƙa'idar lafiya ita ce a bar aƙalla mita 15 tsakanin ramin masai da rijiya, mita 30 ya fi. Fulotin ƙafa 50 a 100 da aka fi sayarwa, mita 15 ne a 30. Kai ka kai sokawe, wato ramin masai, bayan gida ka haƙa rijiya a gaba, maƙwabcinka na gefe ya jingina tasa sokawen da katangarka daidai saitin rijiyar. A unguwar da kowa ya yi haka, taifot da gudawa ba baƙi ba ne. Kafin a zana gida a zagaya a ga inda maƙwabta suka sa nasu ramukan, bayan an haƙa kuma a kai ruwan a gwada.

Wuta, kamfanin AEDC ne ke raba ta a Abuja, Nasarawa, Neja da Kogi. Layukan kashi-kashi ne: rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A ya haura naira 200 kowane ma'auni. A tambayi rukunin layin, a tambayi gida nawa ke rataye a tiransifoma ɗaya, domin a sabuwar unguwa mazauna ne ke karo-karo su sayi tiransifoma, turaku da waya, wanda ya zo daga baya kuma sai ya biya kasonsa kafin a ja masa. Idan ginannen gida ne, a karɓi lambar mita a duba bashin da ke kanta, don a aikace sau da yawa bashin wuta gida yake bi.

Ga kuɗin ƴan sintiri na wata-wata, ga na cike hanya da ɓaraguzai duk damina. Sace-sacen mutane da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 ya nuna cewa gidan ƙarshe a bakin daji ko gindin dutse, arharsa tana da dalili.

## Takarda: wa ke da ikon ba da fili?

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Abin da mutum yake samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, takardar C of O kuma shaidar wannan izini ce. Ƙaramar hukuma tana iya ba da izini na gargajiya, amma a ƙasar da gwamna bai ayyana a matsayin birni ba kawai. Sashe na 22 ya ce mai izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamnan, sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa haka banza ne, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989.

A Nasarawa da Neja, saye daga hannun iyalin da suka gaji gona abu ne da ake iya gyarawa ya zama cikakke. Ana yin yarjejeniya da shaidu, mai unguwa da dagaci su sa hannu, safiyo ya auna, sannan a kai wa NAGIS, hukumar rajistar filaye ta Nasarawa, wadda ke da ofis a Lafiya da Karu, ko NIGIS ta jihar Neja, a nemi takardar gwamna. Kuskuren mutane shi ne tsayawa a rabin hanya. Sa hannun dagaci shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta hana gwamnati cewa wurin hanya ce ko makaranta, ba ta kuma hana ƙanen mai gonar sayar wa wani bayan shekara biyu.

A cikin yankin Abuja labarin daban ne, kuma nan ne aka fi yin kuka. Dokar 1976 da sashe na 297 na tsarin mulki sun mallaka wa gwamnatin tarayya ƙasar yankin kacokan. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a shari'ar Ona da Atenda ta 2000 babu izinin gargajiya a yankin, kotun ƙoli kuma a shari'ar Madu da Madu ta 2008 ta ce ba a mallakar fili a Abuja sai ta hannun minista. Ke nan takardar sarkin ƙauye a Kuje ko bayan Lugbe, komai yawan hatiminta, ba ta ba ka ƙasa ba. Mutane suna saye suna gini, wasu su shekara ashirin lafiya, amma zaman ganin dama ne. Ranar da aka ba wani wurin da takardar minista, jan fentin rusau za ka gani a katanga.

Tsakanin waɗannan biyu akwai takardar ƙananan hukumomin Abuja shida, wato AMAC ta cikin birni, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. A da sun riƙa raba filaye, aka dakatar da su, a 2006 aka ce kowa ya kawo tasa AGIS, hukumar rajistar filaye ta Abuja, a tantance. A 2025 hukumar birnin da kanta ta bayyana cewa cikin takardu fiye da 260,000 da aka miƙa, waɗanda aka tantance ba su kai 10,000 ba. Don haka idan dillali ya ce "Alhaji, takardar nan tana AGIS, ga ma shaidar karɓa", abin da ya nuna maka shi ne an karɓa. Bai nuna an amince ba, kuma irin waɗannan takardu ne aka fi buga na jabu, har fuloti ɗaya ya tashi da masu shi uku.

Rukunin gidaje na kamfanoni ma akwai abin dubawa. Sau da yawa takardar ƙasar guda ɗaya ce da sunan kamfanin, kai kuma wasiƙar kamfani ce a hannunka. Idan kamfanin ya jinginar da filin a banki, ko bai cika sharuɗɗan da aka ba shi ba, ko ya faɗaɗa katanga ya ci filin da ba nasa ba, masu gidajen ne ke kwana a ciki. Haka ita ma takardar wakilci da ake yawan rufe ciniki da ita a Abuja: kotun ƙoli ta ce a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 ita kaɗai ba ta mayar da mallaka. Sai an haɗa da takardar sallamawa, an nemi amincewar minista ko gwamna, an yi rajista.

Wanda takardarsa ta cika ma bai gama ba. Harajin ƙasa na shekara-shekara wajibi ne ko ba a aiko maka ba. Filaye 4,794 ɗin nan da aka soke a Maitama, Asokoro, Wuse, Garki da makamantansu, laifinsu rashin biyan wannan haraji ne na shekara goma ko fiye. Tun Afrilun 2025 kuma sabon sharaɗin Abuja shi ne a gine fili cikin shekara biyu da ba da shi. Idan kuma gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Wanda ya yi gini babu izini, ko wannan ba shi da tabbacin samu.

## Yadda ake saye ba a ƙone ba

Farko a je wurin da ƙafa, kuma a je da damina, Agusta ko Satumba. Filin da ya yi kyau a Fabrairu yana iya zama fadama. A duba gindin katangun maƙwabta ko akwai layin laka da ruwa ya bari, a lura da baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, don tana cin kuɗin harsashi. Ambaliyar Yunin 2023 a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe ta shafi gidaje fiye da 100, kuma ginannun gidaje ne masu kyan gani. A ɗaga kai a duba wayar wuta: babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 ana barin mita 25 kowane gefe, mai 132 mita 15, na cikin gari masu 33 da 11 mita biyar da rabi.

Na biyu, ka zo da safiyonka mai rajista, ba na mai sayarwa ba. Ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu na inda aka tsayar da kai, a kai hukuma a ɗora a kan taswira. Wata tsohuwar dabara ita ce takarda ta gaskiya, amma filin da aka nuna maka ba shi ne nata ba: nata yana can cikin kwari, kai an kai ka kan tudu.

Na uku, lauya ya nemi binciken fayil a AGIS, NAGIS ko NIGIS. Rahoton zai nuna sunan mai fili, girmansa, abin da aka ware shi dominsa, da ko akwai jingina, ƙara ko sokewa. Sunan da ke fayil shi ne zai zauna a gabanka da katin shaidarsa. Idan an sha sayar da filin, a bi takardun hannu zuwa hannu har a kai kan na farko. Idan na gado ne, a ga takardar rabon gado ta kotu ko ta ikon kula da dukiyar mamaci, magada kuma su sa hannu. "Ni ne babba, na isa da su" ba takarda ba ce.

Kuɗi ta banki ake biya, cikin asusun mai filin, a rubuta dalilin biya. Ba a ba dillali kuɗin fili ya kai, la'adarsa daban, kuma a yanke ta tun kafin ciniki ya faɗa. Idan ana matsa maka da kafin alƙalami saboda "wani Alhaji yana hanya da kuɗi a but", a rubuta cewa za a mayar idan bincike ya nuna matsala. Mai fili na gaskiya ba ya gudun mako biyu na bincike.

Bayan biya, a kafa turakun iyaka, a ja katanga ko da layi uku ne na bulo, a nemi izinin gini daga sashen kula da gine-gine na Abuja ko hukumar raya birane ta jihar. Wajen ginin, a ɗaga daɓen gida sama da hanya sosai, domin ranar da aka zo yin kwalta da lambatu titin ne zai hau, ruwansa ya gangaro falo. Bulo mai inci 9 na kirki, buhun siminti ɗaya yana fitar da kamar 25 zuwa 30. Wanda aka ja buhu ya haifi 50, da ɗan yatsa ake marmashe shi.

## Da wane kuɗi?

Yawancin gidajen waɗannan garuruwa da albashi, adashi da bashin ƙungiyar ma'aikata aka gina su, ɗaki-ɗaki. Amma akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa. Wanda ya yi wata shida yana zubi yana iya neman rance daga FMBN, bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayya, ta hannun wani bankin jinginar gidaje, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har cikin shekara 30, kuma an ɗaga iyakar rancen daga naira miliyan 15 zuwa miliyan 50. Tun 2023 zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta yarda wanda ya yi zubin wata 60 ya ɗauki har kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ya biya kason farko na sayen gida.

Ga inda takarda ta sake dawowa: banki ba ya karɓar jinginar gidan da ke kan takardar dagaci. Gidan da ya fi araha shi ne wanda ba za a ba ka rance a kansa ba, kuma ranar sayarwa ma sai mai tsabar kuɗi. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus, inda banki ke sayen gidan ko ya yi tarayya da kai, kana biyan haya kana fansar kasonsa a hankali. Su ma cikakkiyar takarda suke nema.

## Kowa da hujjarsa

Hukumar birnin tana cewa idan aka bar kowa ya gina inda ya ga dama, hanyoyin ruwa da na mota za su toshe, kuma ambaliyar Lugbe tana ba ta gaskiya. Gbagyi da sauran ƴan asalin yankin suna cewa an karɓi ƙasar kakanninsu, ba a gama tsugunar da su ba, ba a gama biyansu ba, to don me ba za su sayar da gonar da gobe za a ba wani kyauta ba? Ƙaramin ma'aikaci kuma yana cewa ya cike takardar neman fili ya gaji, bai taɓa ganin irinsa ya samu ba. A ganina nan ne gizo yake saƙar: muddin hanyar halal ta samun fuloti a Abuja ta fi ƙarfin mai albashi, kasuwar takardar ƙauye ba za ta mutu ba, ko motar rusau nawa aka saya.

Nasarawa da Neja ma suna da nasu ƙorafin. Su ke ɗauke da makarantu, asibitoci da sharar mutanen da ƙarfinsu a Abuja yake ƙarewa. Doka ta ce harajin albashi na jihar da mutum yake zaune ne, ba inda yake aiki ba, amma ma'aikata da yawa adireshin Abuja ne a fayil ɗinsu, harajin ya tafi can, lambatun Mararaba kuma ya ci gaba da cika.

Wanda zama a waɗannan garuruwa ya fi yi wa daɗi shi ne wanda ya daina shiga gari kullum: mai shago a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da ke kwana a Kubwa, malamin jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ɗan kasuwar kayan marmari ta Zuba da ke Madalla, ko mai aikin da ake yi ta intanet. Wanda dole sai ya sa hannu a sakatariya ƙarfe takwas, gara ya fara kama hayar shekara ɗaya a unguwar da yake sha'awa kafin ya saya. A cikin shekarar zai ga damina da rani, ya san awa nawa ake samun wuta, ya ji daga bakin maƙwabta wane layi ne ake rigima a kansa a kotu, kuma galibi a nan ne zai ji labarin mai son sayarwa tun kafin maganar ta kai kunnen dillali.